Babu Mwans a Gidan Dokter

Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Dole ya san teburin Malam Sallau, can kusa da masu gyaran agogo. Tebur ne da aka yi wa ƙafa ɗaya ciko da bulo, an jera masa linet sahu-sahu, wato tabarau, na rana a dama, na karatu a hagu. A samansa an rataye allo mai zanen ƙaton ido guda, a ƙasan idon an rubuta DOCTEUR da jan fenti. Ba makarantar da ta ba shi wannan suna. Wani tsoho ne daga Droum ya taɓa gwada tabarau a wurinsa, ya ga baƙin Alƙur'ani bayan shekara bakwai bai gani ba, ya ce, "Kai ai dokter ne!" Malam Sallau ya karɓi sunan hannu bibbiyu, kuma tun daga ranar bai ƙara yarda akwai abin da ya shafi ido wanda bai sani ba.

To, wannan mutumin ne ƴarsa Rahina ba ta ganin allon aji.

Shekararta goma sha biyar, tana ajin katriyem, aji na uku a sakandare, a karo na biyu. Dokar makarantarsu ba ta da kwana-kwana: wanda ya maimaita aji ya sake faɗuwa, sai gida. Rahina ta san haka, kuma tana jin tsoronsa fiye da komai, don tana son karatun nan har cikin ranta. A faɗa tun yanzu kada a ɗauki alhakinta, yarinyar ba daƙiƙiya ba ce. Abin da malami ya faɗa da baki tana riƙe shi tsaf. Abin da ke kusa da hancinta tana ganinsa tar. Amma duk abin da ya wuce tsawon hannu sai ya narke mata, fuskoki su zama dunƙule, rubutun alli ya koma kamar an watsa gari a baƙin zane. Ga ta da tsawo, su tamanin da shida a aji, dogaye kuma wurinsu baya ne.

Abin da ya riƙe ta shi ne Ummul Khairi, ƙawarta da suke benci ɗaya. Ita ke kwafa daga allo, Rahina ta kwafa daga kayenta, wato littafinta na rubutu. Wahalar ita ce ranar dabuwar, gwajin da ake yi a aji, don a makarantarsu ba a raba takardar tambayoyi, a allo malami yake rubuta su. Sai Ummul Khairi ta riƙa raɗa mata tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Sun yi haka har tsakiyar shekara, ranar da madam ɗin tarihi ta ga baki yana motsi a bencin baya. Ba ta tsaya jin ba'asi ba, ta zana wa kowacce ƙaton sifili, ta raba musu wuri. Kashegari Ummul Khairi ta zo da kumburarren ido ta ce babarta ta hana ta zama kusa da ita.

Ran nan da yamma Rahina ta yi ta maza ta durƙusa gaban mahaifinta a tsakar gida.

"Baba, ba na ganin tablo, allon ajinmu."

Malam Sallau ya ajiye kofin shayi, fuskarsa ta washe. Ba abin da yake so irin a kawo masa ƙarar ido. Ya aika ta ta ɗauko allura da zare a ɗakin Inna, ya zaro wata takardar cikin kwalin magani daga aljihu, irin mai rubutu ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Da waɗannan biyun yake auna idon duk Damagaram. Rahina ta kai allurar kusa da fuska ta zura zaren a karon farko. Ta karɓi takardar ta karanto masa layi biyar ba gargada.

"Wala!" in ji shi. "Idonki ya fi nawa. Tsoffin da ke zuwa wurina ko kan takardar ba sa iya karantawa. Kasala ce ke damunki, da surutu a aji. Tashi ki ba ni wuri."

"Baba, na kusa ina gani. Na nesa ne…"

"Ke za ki koya mini ido? Wanda ya ga ƙaramin abu ai ya ga babba. Tablo da allura wanne ya fi girma?"

Ya ɗauki kofin shayinsa, a wurinsa an gama magana.

Bayan kwana kaɗan Gwaggo Ramatu, yayar Malam Sallau, ta faɗo gidan mayafi a hannu. Wai ta tsaya a bakin titi wajen Birni tana ɗaga wa Rahina hannu, yarinyar ta dube ta ido cikin ido ta wuce kamar ta ga turken wuta.

"Wallahi Gwaggo ban gan ki ba," in ji Rahina.

"Ba ki gan ni ba? Ni Ramatu, da girman jikin nan nawa? Sallau, ka ji abin da lekol, makarantar bokon nan, ke koya musu. Faransancin da ta iya ne ya hau mata kai."

Inna Rabi ta sa baki a hankali ta ce yarinyar ta daɗe tana kukan ido. Gwaggo ta juyo kanta.

"Kul, kada in ƙara jin wannan maganar a waje. So kike a ce gidan Dokter akwai makauniya? A sa mata kwalli mai kyau, a rage mata kallon takarda, shi ke nan."

Aka sa mata kwalli. Idon ya yi kyau ƙwarai, sai dai allon bai matso ba.

Mutum ɗaya ne ya lura, Mushe Alkasum mai koyar da lissafi, don mushe suke kiran malami namiji. Shi ya ga takardunta suna ba shi mamaki: aikin daidai, hanya daidai, amma lambobin da ta fara da su ba su ne ya rubuta a allo ba. Inda ya sa takwas ta sa uku, ta kuma bi ukun nan da gaskiya har ƙarshe. Ya dawo da ita bencin gaba a darasinsa, na baya suka yi ta ihu ta tare musu, ita kuma ko a gaban sai ta ƙanƙance ido take tsintar rabi. Da wata tawagar masu duba ido ta zo makarantar, shi ya kama hannunta ya sa ta a layi.

Wata mata mai farar riga ta ɗora mata wani ƙarfe a hanci tana sauya gilasai a ciki. Ana sa na huɗu, Rahina ta ja numfashi. Ta ga harufan da ke jikin bango. Ta ga tsagar bangon. Ta taga ta hango wani ɗalibi can bakin rijiyar makaranta, har maɓallin rigarsa da ya ɓalle. Ba ta san sanda hawaye ya zubo mata ba. Matar ta cire ƙarfen, duniya ta koma yadda take, ta rubuta takarda ta miƙa mata.

"Ki kai wa babanki ya sa hannu. Ranar Alhamis ta sama ku zo lopital, wato asibiti, tare da shi da wannan takardar. Kyauta ne. Alhamis ɗin kaɗai muke nan, kin ji ko?"

Rahina ta taho gida ƙafarta ba ta taɓa ƙasa don murna. Ta jira ya ci abinci ya yi gyatsa, sannan ta miƙa masa da hannu biyu.

Malam Sallau bai iya Faransanci ba sai na ciniki, amma lamba kam ya san ta. Ya ga huɗu. Ya kuma ga ɗan layi a kwance a gabanta.

"Wannan fa?"

"Mwans ne, Baba. Mwans kat."

"Mwans." Ya maimaita kalmar kamar ya tauna tsakuwa a tuwo. "Ke, in mushe ya ce miki mwans de, me ya yi?"

"Ya rage maki biyu."

"Madalla. Ragi ke nan. To idon da kika ce bai ishe ki ba, shi za su rage wa huɗu? Me zai saura? Rabi, zo ki ji! Shekara ashirin da uku ina sauke kaya daga Kano kwali-kwali, ban taɓa ganin linet mai mwans ba. Plis ɗaya, plis biyu, har plis huɗu. Ƙari a kan ƙari. Yaran nan da aka ba farar riga jiya so suke su tsiyaye mini idon ƴa."

"Baba, da ta sa mini na gani. Wallahi na ga har…"

"Ranar farko ce. Haka suke yi, ki ji daɗi yau, bayan shekara a ja ki da sanda."

Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. Kada a ce bai damu da ƴarsa ba, kashegari ya dawo daga kasuwa da tsaraba. Tabarau ne mai kaurin gindin kwalba, ruwan ƙasa, da igiyar ratayawa a wuya, irin wanda tsofaffin limamai ke saye. A kusurwar gilashin akwai ƴar takarda mai alamar ƙari da lamba huɗu.

"Sun ce huɗu, na yarda da huɗun, ni ba na musu da ilimi. Amma huɗu na ƙari. A gidana babu mwans. Sa mu gani."

Ta sa. Ɗan abin da take gani a da ma ya tafi. Mahaifinta ya zama farin gajimare mai magana, ƙofar ɗaki ta ɓace, ƙasa ta taso ta karkace. Abu ɗaya ta gani da kyau, zanen fatar yatsanta da ta ɗago kusa da ido.

"Yaya?"

"Baba, ya fi da muni."

"Haka magani yake, sai ya saba da jiki. Kada in gan ki ba shi."

Daga ranar kwanakin Rahina suka ƙara taɓarɓarewa. Safiyar farko ta fita da tabarau ɗin don mahaifinta yana zaune a zaure, kafin ta kai kwanar layinsu ta zurma ƙafa a kwata har gwiwa. Wani ɗan kabu-kabu ya kauce mata da ƙyar, ya bar mata zagi. A aji aka yi ta dariya har da buga benci, aka sa mata suna Hajiya Kaka, sunan kuma ya zauna. Ta koyi cire shi in ta sha kwana, ta mayar in ta doso gida, amma a gida dole ya zauna a fuskarta daga la'asar har ta kwanta. Kanta ya riƙa sarawa kamar ana daka a ciki. Ta zuba miya a gefen kwano, ta taka tiren shinkafa, ta gaishe da buhun gawayi a zaure tana zaton baƙo ne. Kowanne aka yi, sai Malam Sallau ya ce rawar kai ce.

Ta sami Inna a madafa ta fashe da kuka.

"Inna, ki yi masa magana. Ko ke ki raka ni ranar Alhamis."

Inna Rabi ta ci gaba da tuƙin tuwo ba ta ɗago ba. Tana son ƴarta, wannan ba shakka. Amma ta fi son a kwana lafiya.

"In fita ba da izninsa ba, in je in ce wa likita mijina bai san aikinsa ba? Ki rufa mini asiri. Ki sa in yana nan, ki cire in ba ya nan. Ni haka nake zaune da shi shekara ashirin, kin ga na mutu?"

Ranar Asabar Rahina ta kai wa mahaifinta abinci kasuwa, tana lalube da ƙafa, sai ta ji muryar Mushe Alkasum yana sallama a teburin. Wani ɗan sa rai ya taso mata. Malam Sallau ya tarbe shi da fara'a, har ya fara zaro takardar maganin nan zai auna shi. Mushe ya ce ba saye ya zo ba.

"Malam, ciwon ido iri biyu ne. Dattawan da ke zuwa wurinka na kusa ne ba sa gani, plis ke yi musu, kuma kana taimakonsu, ba wanda ya musa. Rahina nata akasin haka ne. Mwans ɗin nan ba ragi ba ne, sunan yankan gilashin ne kawai."

"Mushe, kai ka san alli, ni na san ido."

"To mu gwada abu ɗaya. Ta cire wannan. Kai da kanka ka ja baya taku shida ka ɗaga yatsu."

Mutane sun fara taruwa, masu agogo sun miƙo wuya. Malam Sallau ya yi dariya, ya tattara riga ya ja baya yana ƙirga takun da ƙarfi don kowa ya ji. Ya ɗaga hannu. Rahina ta ƙanƙance ido iya ƙarfinta. Ta ga wani abu ya tashi sama, ba ta san ko hannu ba ne ko hula.

"Biyu?" ta ce.

Yatsu biyar ya ɗaga, tafin hannu a buɗe.

"Rahina," in ji shi. "Duba da kyau, ƴata."

Wanda ba ya ganin fuska yakan iya karatun murya, Rahina kuwa ta ƙware. Wannan muryar ba ta Dokter ba ce. Ta ubanta ce, ta yi ƙasa, akwai tsoro a cikinta. Ta tabbata a ranta ya gane. Da a ɗaki suke su biyu, da wataƙila labarin nan ya ƙare a nan.

Sai Yakuba mai agogo, maƙwabcin teburinsa, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Kai, Dokter! Ashe a gidanka aikin yake, kana nan kana gyara na mutanen Droum?"

Kasuwa ta ɗauka. Rahina ta ji takun mahaifinta yana dawowa da sauri, da ya buɗe baki kuma muryar ɗazu ta tafi.

"Da gangan take yi! An koya mata. Yarinyar da ke zura allura a karon farko? Mushe, na gode da ziyara."

"Sa hannu ne kawai, Malam, da zuwa ranar Alhamis."

"Alhamis! Ranar babbar kasuwa? Mutane tun daga Takieta da Garagumsa suna tahowa neman ido a wurina, in rufe tebur in je in bi layi gaban yaran da aka haifa ina cikin sana'a? Ke, mayar da linet ɗinki."

Ta mayar. Ba ta ga tafiyar Mushe Alkasum ba, ƙarar babur ɗinsa kawai ta ji.

Ranar Alhamis ta saka kayan makaranta, ta sha kwana, ta cire tabarau, ta miƙe lopital ita kaɗai tana tambayar hanya. Matar da ke teburin shiga ta ce ina takarda, ina babba. Rahina ta ce takardar tana aljihun babanta, baban yana kasuwa. Matar ta ce ba ta da ikon ba yaro komai ba sa hannun uba, ta matsa gefe akwai mutane. Ta matsa gefen ta zauna a kan dakali har azahar, tana jin yara suna fitowa da iyayensu. Wata ƙaramar yarinya ta tsaya kusa da ita ta ce, "Baba, ashe itace ganye ɗai-ɗai gare shi!" Uban ya yi dariya. Rahina ta kifa kai a gwiwa.

Da ta koma makaranta kashegari, sirbeyan mai kula da ɗa'a ya rubuta mata fashi ba dalili, ya rage mata maki biyu. Wannan mwans ɗin kam ba a nemi sa hannun kowa ba.

Ba ta saki ba duk da haka. Ta riƙa aron kaye a lokacin hutun tara tana kwafa a tsaye, wasu su ba ta, wasu su ce Hajiya Kaka ta je ta nemi jikokinta. Ta haddace darussa kamar mai tilawa. Ta lissafa a ranta cewa in ta ci babbar jarrabawar ƙarshen shekara da kyau, za ta iya haye goma cikin ashirin, ta tsira. Mushe Alkasum ya yi alkawari zai roƙa a rubuta mata tambayoyin a takarda. Ya roƙa, darekta ya ce in an yi wa ɗaya sai an yi wa tamanin da shida, kuma ba shi da wata shaida daga iyaye cewa yarinyar tana da lalura.

Aka shiga jarrabawa cikin zafin watan Mayu, kwanon aji yana ƙara kamar zai narke. An jera su bisa harufan suna, harafin Rahina kuwa ya kai ta sahu na biyun ƙarshe. Mai tsaron ajin wani malami ne da bai san ta ba. Ya cika allo da tambayoyi daga sama har ƙasa, ya kakkaɓe hannu ya ce a fara. Ta ji alƙaluma sun fara tafiya ta ko'ina. Ta ɗaga hannu.

"Mushe, ba na gani. A bar ni in matsa in kwafa."

"Ga linet rataye a wuyanki, ki sa mana."

Aji ya kwashe da dariya. Ta ce ba ya yi mata. Ya dube ta kamar mai shirya wata dabara, sannan ya ce ta zo, sau ɗaya, minti biyar. Ta tsaya dab da allo tana bin layi da hanci tana rubutu a kan tafin hannu. Nan take aka fara: "Ba mu gani! Mushe, ta tare! Hajiya Kaka, a zauna!" Tana tambaya ta uku cikin bakwai ya ce lokaci ya yi. Ta koma ta amsa ukun nan, ta amsa su da kyau, sannan ta zauna awa guda tana kallon sauran huɗun da ke can gabanta fari-fari. Haka aka yi kwana huɗu. Wani malamin ya bar ta ta matsa, wani ya ce ba a tashi a jarrabawa.

Ranar da aka raba bilta, takardar sakamako, ba ta buɗe a makaranta ba. Ta riga ta ji yadda Mushe Alkasum ya kira sunanta. Ta iso gida bayan la'asar ta tarar da mahaifinta a ƙofar gida kan tabarma da mutanensa, Yakuba mai agogo da wasu dattawa biyu, ana zuba shayi. Gwaggo Ramatu tana daga cikin zaure ita da Inna. Rahina ta so ta wuce, ya hango takardar.

"Kawo nan. A'a, tsaya, ke karanta mana da kanki, kowa ya ji."

Ta durƙusa a gefen tabarma. Da tabarau ɗin a fuska layin ba ya tsayuwa wuri ɗaya, don haka ta zare shi ta bar shi yana lilo a wuya. Ta kai takardar kusa ta fara karantawa, darasi bayan darasi, maki bayan maki, har da ƙananan bayanan da malamai suka cusa a gefe. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Malam Sallau bai saurari lamba ko ɗaya ba. Fuskarta yake kallo. Ya daki cinya.

"Yakuba! Ka gani da idonka? Ba linet take karantawa! Wata uku kacal da plis kat, yanzu ko buƙatarsa ba ta yi. Kai da ka yi mini dariya a kasuwa, sai ka maimaita. Da na biye wa masu mwans, da yanzu jagora muke nema mata."

Dattawan suka ce ma sha Allah. Yakuba ya ce lallai Dokter Dokter ne. Daga zaure Gwaggo ta ce ai kwallin ma ya taimaka.

"Ci gaba, ƴata, ƙarasa mana."

"Mwayen, bakwai da rabi cikin ashirin," in ji Rahina, tana karanto matsakaicin makinta na shekara. "Hukuncin majalisar malamai: exclue."

"Me ke nan?"

"Sun kore ni, Baba."

Mai zuba shayi ya tsaya da buta a sama. A irin wannan gida ba a barin laifi ya rasa mai ɗauka. Gwaggo ce ta fara, ta ce dama ta faɗa, girman kai ba ya barin karatu. Ɗaya dattijon ya ce malaman yanzu ba sa koyar da komai sai yajin aiki. Inna ta ce haka Allah ya rubuta, ta shige ciki. Malam Sallau ya yi gyaran murya ya ce shi dai kowa shaida ne ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya cire kaya mafi tsada a teburinsa ya ba ta, ido ya warke, in kai bai ɗauka ba wannan ba aikin dokter ba ne.

Haka aka rufe maganar karatun Rahina, kafin shayi na biyu ya nuna. Ba talauci ne ya fitar da ita ba, ba a nemi ko dala ba. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Ɗan layi ne a kwance gaban lamba huɗu, da mutumin da ya gane gaskiya a tsakiyar kasuwa ya zaɓi allonsa mai jan fenti. Gobe da safe zai buɗe teburinsa, tsoffi su zo su ga baƙi su sa masa albarka, kuma zai ba su labarin yadda ya warkar da ƴarsa.

Rahina ta ninke takardar. Ta ɗago kai ta dubi inda mahaifinta yake zaune, taku uku tsakaninsu, tana so ta san ko akwai kunya a fuskarsa, ko da ƴar kaɗan. Ta ƙanƙance ido iya ƙarfinta. Farar riga ta gani da hula a sama, tsakaninsu kuma babu komai.

"Me kike kallo?" in ji shi.

"Ba na ganin ka, Baba."

"To mayar da linet ɗinki."